Kunya Uku a Bayan Gida

A Wusasa, daf da birnin Zariya, inda 'yan mishan na C.M.S. suka koma da zama a 1929, akwai wani malamin firamare wanda ya gāji addu'ar dare daga mahaifinsa. Kullum bayan an ci tuwo yakan tara matarsa da 'ya'yansa uku a tsakar gida, a buɗe Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara buga shi cikakke da Hausa tun 1932, a karanta 'yan ayoyi, a yi waƙa, a rufe da addu'a. Yaran sun haddace ayoyi da dama, har ana yabonsu a makarantar Lahadi. Amma wanda ya shekara goma sha biyar da alli a hannu ya san tazarar da ke tsakanin hadda da fahimta.

Wanda ya fi damunsa shi ne na tsakiya, ɗan shekara goma, domin ya fara gwanancewa wajen ɓoye laifi. Sa'ad da malamin yake yaro, dorina ce maganin irin wannan, shi kuwa bai manta da abin da dorina ta koya masa ba, watau yadda ake ɓarna ba tare da an kama mutum ba. Saboda haka ya ƙudura a ransa zai nemi wata hanya.

Da ruwa ya zauna a watan Yuni na 2022, wata Juma'a da dare suka karanta misalin mai shuka a Matiyu sura 13, inda iri ya faɗa a bakin hanya, da kan duwatsu, da cikin ƙaya, da kuma ƙasa mai kyau. Gari na wayewa ya ɗauki garma ya tā da kunya uku a bayan gida, ya ba kowane yaro irin gyaɗa cikin gwangwanin tumatir. Ya kafa musu doka uku: kowa shi zai cire ciyawarsa ya kuma tsare shukarsa daga awaki, ba mai taɓa kunyar wani, abin da kunyar mutum ta bayar, daga ciki zai kai baikonsa coci ranar godiyar kaka.

Kowace Lahadi da la'asar sai iyalin su zagaya bayan gida, a duba shuka, sa'an nan a zauna a yi magana a kan abin da aka gani. A nan yaran suka lura cewa ciyawa tana ƙarama yatsa biyu ke cire ta, in ta yi saiwa kuwa sai da fartanya, mahaifiyarsu ta ce haka fushi yake, haka kuma ƙarya. Da gyaɗa ta yi fure, babban ɗan ya ƙosa ya tumɓuke tushe ɗaya don ya ga ko ta fara 'ya'ya, bai sami komai ba. Daren nan aka karanta Markus sura 4, inda aka ba da misalin irin da yake tsiro yana girma alhali mai gonar bai san yadda aka yi ba.

Na tsakiya dai ƙwallo ta ɗauke masa hankali. Harƙiya ta rufe kunyarsa, awaki suka ƙarasa sauran, tushe biyu kaɗai suka tsira. Da ya ga Lahadi ta gabato, sai ya fita da dare ya ciro tushe biyar daga kunyar ƙanwarsa, auta, ya dasa a tasa. Bai san gyaɗa ba ta jure dashe kamar gero ba. Kafin azahar duk sun yi yaushi, auta kuma tana kuka a kan ramuka biyar.

"Maigida, ai ka san wanda ya yi wannan," in ji uwar.

"Na sani, Maman yara. So nake ya faɗa da bakinsa."

Kwana uku malamin ya yi yana danne zuciyarsa, yaron kuma yana wucewa ta gefen tushen nan biyar suna bushewa a idon kowa. A dare na uku, bayan an shafa addu'a, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Baba, ni ne." Uban ya ce ya yafe masa, ya tura shi ya roƙi gafarar ƙanwarsa, ita ma ta yafe. Sai yaron ya tambaya, tun da an yafe, ko za a ba shi wani irin ya sāke shuki. Uban ya amsa cewa iri yana nan, lokaci ne ya wuce, domin gyaɗa tana bukatar aƙalla wata uku, ga shi Agusta ta kama, ruwan Zariya kuwa yakan ɗauke a watan Oktoba. Ya buɗe masa 2 Sama'ila sura 12, ya nuna masa yadda aka gafarta wa Sarki Dawuda bayan Annabi Natan ya tsawata masa, amma duk da haka sakamakon aikinsa ya bi gidansa. Daga ranar har kaka, yaron ne ya riƙa nome kunyar auta.

Da aka cire gyaɗa, babban ya sami mudu ɗaya da rabi, auta mudu ɗaya, na tsakiya kuwa abin da bai cika tafin hannu biyu ba. Ana gobe godiyar kaka uwar ta so ta saya masa a kasuwa don kada yara su yi masa dariya. Malamin ya hana, ya kwana bai runtsa ba, yana tunanin ko ya tsananta.

Da safe ana shirin tafiya coci, auta ta ɗauki ƙwaryarta ta juye kusan rabi a kwanon yayanta. Uban ya buɗe baki zai tuna mata doka, sai ya tuna cewa dokar ta hana ɗauka ne, ba ta ce komai a kan bayarwa ba. Shi da ya shekara yana koya wa yara ma'anar alheri a makarantar Lahadi, ranar 'yar shekara bakwai ta nuna masa shi a cikin kwano.

A daminar 2023 na tsakiya ne ya fara neman kunyarsa, kuma sai da ya kewaye ta da ƙaya kafin ya sa iri. In aka tambayi malamin ko yaron ya shiryu, yakan ce ganye dai ya yi kyau, sauran kuwa yana ƙarƙashin ƙasa, ba zai tumɓuke don ya duba ba.