Bulon da Ke Ƙarƙashin Tebur

A gidanmu na Zariya, a tsakiyar shekarun 1980, akwai dokar da ko baƙo ya san ta: ba a kunna kwamfuta sai allurar sitabilaiza ta tsaya cak. Commodore 64 ce, Baba ya dawo da ita daga karatu a Ingila. A 1982 aka fara sayar da irinta a Amurka kan dala 595. Duk jikinta allon rubutu ne mai kauri, talabijin ɗin falo kuwa shi ne fuskarta. Da an kunna sai shuɗin allo ya bayyana da kalmar READY, mu saka kaset, mu zauna jiran wasa ya shiga.

Wutar da ke shigowa daga waje Baba yake tsoro. Babu mai kula da wani abu mai nauyi da ke kwance ƙarƙashin tebur, wanda mu yara muke kira bulo. Shi ne ke karɓar wutar bango ya raba ta biyu, bolt 5 na DC da bolt 9 na AC, ya tura wa kwamfutar ta waya guda mai zagayayyen kai. Kullum da ɗumi yake. Lokacin sanyi nakan ɗora ƙafafuna a kansa ina buga wasa.

Bayan rasuwar Baba na tarar da kwamfutar cikin akwati, naɗe da tsohon zanin Mama. Na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo don ya haɗa mini wayar talabijin. Ya ɗaga bulon, ya jujjuya shi, ya ce, "Ɗana, wannan za mu fara aunawa. Kada ka jona su tukuna."

Na ce, "Baba, ai lafiyarsa lau aka ajiye shi."

Bai tanka ba. Ya haɗa masa ɗan abin da zai riƙa jan wuta a madadin kwamfutar, ya ɗora tsinkayen mita. Da fari 5.1 ta nuna. Bulon na ɗumama lambar na hawa, har ta wuce 5.5 ba ta tsaya ba.

A nan ya warware mini zancen. Cikin bulon akwai ɗan ƙaramin aisi mai daidaita wuta, aikinsa riƙe ta a bolt 5. An binne shi cikin daskararren danƙo mai riƙe zafi, wanda ba ya barin mai gyara ya kai gare shi. Idan ya tsufa ba lallai ya mutu gaba ɗaya ba. Sakin wuta yake yi a hankali, alhali fitilar kwamfuta na ci kamar kullum. Guntayen ƙwaƙwalwarta guda 8, waɗanda suka haɗu suka ba ta kilobayit 64, su ne kan fara ƙonewa, sai allo ya yi baƙi ko ya cika da harufa barkatai. Sitabilaiza ba ta ganin wannan, don a bayanta ɓarnar ke aukuwa. Kayan gyara kuma sun yi wuya: kamfanin Commodore ya durƙushe tun 1994, guntun sautin kwamfutar mai suna SID da Bob Yannes ya tsara an daina ƙera na asali.

Magani biyu ya ba ni. Na farko, sabon adafta mai ba da wutar iri biyu, domin cajar waya kaɗai ba ta isa: da bolt 9 ɗin nan injin kaset ke juyawa. Na biyu, ɗan akwatin tsaro tsakanin adafta da kwamfuta, mai katse wuta da zarar ta kai kusan 5.4. Na yi duka biyun, kwamfutar ta tashi da muryarta ta dā.

Rigakafi ya fi magani, balle ga abin da maganinsa ke ƙarewa a duniya. Duk wanda ya gaji irin wannan na'ura, ina roƙonsa ya danne ɗoki, ya nemi mita kafin ya nemi soket. Abin da iyayenmu suka tattala shekara da shekaru bai kamata ya salwanta a hannunmu saboda gaggawar minti ɗaya ba.