Sawun Allura a Cikin Riga

Akwai wani tela a bakin kasuwar Tudun Wada da Yayata ke kai wa ɗinki tun tana amarya. Idan aka kawo masa riga aka ce ta yi yawa ya rage, ba ya sa almakashi. Ninke rarar yadin yake yi ta ciki, ya bi ta da keke, ya bar ta kwance a gefen haƙarƙari. Ranar da Yaya ta kai masa atamfofinta bayan ta sauke kilo 9, ta ce, "Malam, yanke shi gaba ɗaya, ni da wancan jikin mun yi hannun riga." Ya ce, "Hajiya, a dai bar shi. Yadi ba ya tsiro." Ta dawo gida ranta a ɓace, gani take mugun fata ya yi mata.

Bayan wata 8 sai ga ta tana ɗaure rigunan a leda, ta ba yaro ya kai a buɗe su. Ba ta iya zuwa da ƙafarta ba.

Kwanan baya na juya ɗaya daga cikin rigunan nan zan shanya, na ga layi uku na hudar allura a jere. Na daɗe riƙe da ita, don na san abin da kowane layi ya ci mata. Ba kwalliya ce ta sa Yaya wannan fama ba. Likita ne ya ce jininta ya hau, sukarinta yana bakin gaɓa, ga gwiwoyin da suka sa sallah a tsaye ta fara yi mata wuya.

Karon farko gaisuwa ce ta kayar da ita. Mu a bakinmu ramewa ta mara lafiya ce, ko ta wanda duniya ta juya wa baya. Mace ta yi wata huɗu tana danne ranta, ta shiga gidan suna, abin da za ta fara ji shi ne, "Subhanallahi, kin yi ciwo ne ba mu ji ba?" Wata ta ja ta gefe, murya ƙasa-ƙasa: "Ko maigidan ne?" Ranar kuwa da kumatu suka dawo, sai yabo ta ko'ina: kin murje, hutu ya karɓe ki. Kuma wa ya isa ya ture kwanon da gwaggonsa ta zuba masa da hannunta? Ƙauna ce a cikin kwanon nan, shi ya sa ƙinsa ke da ciwo.

Karo na biyu ta ɗora rai a kan azumi. Amma buɗa-bakinmu ƙosai ne da kunu mai zaƙi da soyayyen dankali da ƙwai, a kora da lemon kwalba, wanda roba ɗaya mai rabin lita ke ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali 13. Ba a gama murmurewa ba sai ga soyen layya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda take kiran kanta raguwa. Yaya da ke tashi tun kafin kiran assalatu! Jiki ne ke da nasa lissafin. A 2011 wasu likitoci a Melbourne ta Ostireliya suka fitar da binciken da suka fara da mutum 50 masu ƙiba, aka taƙaita musu abinci na mako 10. Shekara guda bayan sun sauke nauyin, sinadarin da ke tayar da yunwa, girelin, yana nan sama da yadda yake a da, leftin mai sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya a jiki kuma yana ƙasa. Wato jiki fari yake zaton an shiga, sai ya dinga neman cika rumbu. Yunwar da ke tashinta cikin dare ta gaske ce. Masu tallar shayin rage tumbi a WhatsApp ba sa faɗin wannan, su dai a saya.

Wani binciken kuma, na Amurka, da aka buga a 2002 a kan mutum 3,234 da ke gab da kamuwa da ciwon sukari, bai nemi kowa ya koma siririn da yake a ƙuruciya ba. Kashi 7 cikin 100 na nauyi aka nema, da motsa jiki na minti 150 a mako, kuma haɗarin kamuwa da ciwon ya ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, kilo 6 ne da 'yan kai. Da na faɗa wa Yaya sai ta yi shiru, can ta ce, "Ashe na sha kaiwa wurin ban sani ba."

Yanzu ba ta rantsuwar barin tuwo. Malmala ɗaya take ci maimakon biyu, ta cika miya da ganye. Bayan sallar asuba ita da wata maƙwabciyarta sukan taka daga unguwarmu zuwa ƙofar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello su juyo, kafin 'yan Keke Napep su cika titi. Da hunturun bana ya tsananta ta yi mako biyu ba ta leƙa waje ba. Maƙwabciyar ba ta tambaye ta dalili ba, ba ta yi mata wa'azi ba. Ta dai buga ƙyaure wata safiya ta ce, "Hajiya, ɗauko hijabinki, gari ya fara haske."

Gabanin Sallar da ta wuce Yaya ta kai rigar nan wurin tela da kanta. Ya juya ta, ya duba layukan nan uku, ya ɗora allura a kan na tsakiya. Tana zaune a kan benci har ya gama, ba ta ce ya yanke komai ba.