Kujerar Gashi: Tsokaci Daga Unguwar Aras

Hausa tana da kalmomi uku da ke kewaye da wuta ɗaya, amma kowace da matsayinta. Ɗumi shi ne wanda jiki ke maraba da shi, kamar na bargo ko na hantsi a lokacin hunturu. Zafi ya zarce nan, shi ne wanda ake janye hannu daga gare shi. Gashi kuwa aiki ne: a kusantar da abu ga wuta da gangan, a bar shi na wani lokaci har ya sauya. Ana gasa nama, ana gasa masara, ana kuma gasa targaɗe da tsumma da ruwan zafi. Kalmar zafi tana cikin rukunin sunayen da F. W. Parsons ya nazarta a 1955, masu bayyana abin da gaɓɓai ke ji, waɗanda ake samar da aikatau daga gare su ta hanyar maimaita baƙin ƙarshe: zafi ya ba da zafafa, sanyi ya ba da sanyaya, ƙarfi ya ba da ƙarfafa. Ɗumi ma ya bi sahunsu, ya ba mu ɗumama. Tambayar wannan rubutu ita ce: wace daga cikin kalmomin uku ta dace da kujerar motar da ake sanya wa shimfiɗar lantarki, wadda Faransawa ke kira siège chauffant? Na samu amsar ne ta hanyar haɗa irin wannan kujera da hannuna.

Wanda ya san inda aka yi aikin zai yi murmushi. Aras unguwa ce a Tireshbil, ɗaya daga cikin tsofaffin sassan birnin Abijan na ƙasar Kwaddibuwa, inda Hausawan Nijar da na Nijeriya suka daɗe suna zaune tare da Julawa da sauran al'ummu. Akwai wani gari mai suna Aras a arewacin Faransa, wanda sanyinsa kan daskarar da ruwa. Namu Aras ɗin yana kan tsibiri, tsakanin ruwan tafki da iskar teku, kuma da wuya ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 20. A nan gumi ake yaƙi da shi. Motocin da ake saukewa a tashar jiragen ruwa daga Turai, waɗanda ake yi wa laƙabi da "France au revoir", da yawa sukan zo da maɓallin ɗumama kujera, sai su tsufa ba wanda ya taɓa danna shi.

Dalilina shi ne kawuna. Ya shafe fiye da shekara 30 yana tuƙa motar goro daga Anyama, babbar matattarar goro da ke arewa da Abijan, ya bi ta Buwake da Ferke, ya ratsa Bobo da Wagadugu har Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 1,500. Hanya ta ba shi gida da rufin asiri, ta kuma bar masa ciwon ƙugu. Yanzu ni ke kai shi Buwake wurin 'yarsa, kimanin kilomita 350. Idan na kunna na'urar sanyaya mota, bayansa ya sanƙare, sai an kama shi kafin ya fito. Idan na kashe, zufa ta galabaitar da shi. Likitansa ya ce ɗumi mai sauƙi yana sassauta naman da ya ɗaure, kuma a gida abin da ake yi masa ke nan da tawul da ruwan zafi. Ya fara cewa ba zai ƙara zuwa Buwake ba. Dattijon da ya yi rayuwarsa a kan hanya, idan ya ce ya haƙura da ganin jikokinsa saboda awa huɗu a mota, magana ta kai inda ta kai.

Ƙasashen sanyi ne suka haifi wannan kujera. Kamfanin Cadillac na Amurka ya gabatar da ita a 1966 ga mai son ƙarin biya, sannan Saab na Suwidin ya sanya ta cikin motocinsa a 1972 ba tare da an nema ba. A 2022 kamfanin BMW ya gwada karɓar kuɗin wata-wata, kimanin dala 18, kafin ya buɗe wa mai mota ɗumin kujerar da ke cikin motar da ya riga ya saya. Ƙorafin jama'a ya sa ya janye a 2023. Duk da wannan kwaramniya, fasahar ba ta da wani sarƙaƙiya. Waya ce siririya ko zaren kabon da aka shimfiɗa tsakanin ƙyalle biyu. Idan lantarki ya ratsa ta yakan gamu da turjiya, turjiyar ta koma zafi, kamar yadda dutsen guga ke aiki.

Na nemi kayan a Ajame, wajen masu sayar da kayan mota da ake kira Kas. Tun watan Yulin 2018 gwamnati ta hana shigo da ƙananan motocin da suka haura shekara 5, saboda haka masu tsofaffin motoci irina suka ƙara dogara ga gyara da kayan kwance. Wani ɗan kasuwa Bamaraɗe ya dube ni ya ce, "Malam, a garin nan za ka ƙara wa mota zafi? Wanda Allah ya ba mu bai isa ba?" Da na yi masa bayani, sai ya nuna mini kujerun da aka kwance daga motocin Turai, da ɗuminsu a ciki. Ban ɗauka ba, bisa dalili biyu. Ba wanda ya san halin da wayar ciki take bayan shekaru, sannan kujerar wata mota ba lallai ta dace da jakar iska ta kariya da ke cikin tawa ba. Na sayi sabon haɗi a kwali: shimfiɗa biyu, ta mazauni da ta jingina, da damin waya, da makunni mai mataki biyu, da fiyus, da ɗan akwatin da masu wayarin ke kira rile.

Ga yadda aikin yake, ga mai sha'awa. Da farko a cire kan batir mai alamar ragewa, a jira aƙalla minti 10. Wannan jiran ba ɓata lokaci ba ne, domin na'urar jakar iska tana riƙe ragowar wuta bayan an cire batir. Daga nan a kwance noti huɗu da ke riƙe da kujera, a karkata ta baya, a zare haɗin wayoyin da ke ƙarƙashi. Haɗin mai launin ɗorawa na jakar iska ne. Ba a yanka shi, ba a gwada shi da mita, ba a jona komai a jikinsa, ba a kuma kunna mota alhali yana cire.

Sashen da ya fi cin rai shi ne tuɓe rigar kujera. An ɗaure ta ne ga soso da ƙananan zobba na ƙarfe da ke cikin kwarin ɗinki, kuma kowane sai an datse shi da filaya. A nan na nemi maƙwabcina mai ɗinkin kujerun mota, wanda a Abijan ake kira tafisiye, ya ara mini filayar matse zobe, ya kuma nuna mini yadda ake mayar da na farko. Shimfiɗar tana kwanciya tsakanin soso da riga, a miƙe sarai, ba lanƙwasa ba ninki, saboda inda ta ninku nan zafi ke taruwa. Ba a yanka ta sai inda takardar kamfani ta yarda. Tun da kujerar fasinja ce, na duba ko akwai na'urar da ke gane an zauna, wadda wasu motoci ke ɓoyewa a cikin soso. A motar da ke da irin wannan na'ura a saman soso, gara a bar mazauni a sanya wa jingina kaɗai, ko a kai wa ƙwararre. A gefen jingina kuma akwai ɗinkin da aka yi domin ya yage idan jakar iska ta fashe. Ba a rufe shi, ba a sake ɗinka shi.

Lissafin wutar ba shi da wuya. Batirin mota bolt 12 ne. Irin wannan haɗi yakan ja kimanin amfiya 4 a kujera ɗaya, wato wat 48, ƙasa da abin da ƙwan babbar fitilar mota ɗaya ke ci. Amma idan aka jona shi kai-tsaye ga batir aka manta da shi a kunne, da safe mota ba za ta tashi ba. Shi ya sa ake amfani da rile: babbar waya ta ɗauko wuta ta ratsa fiyus da aka sanya kusa da tushe, ƙaramar waya kuma ta fito daga layin da ba ya samun wuta sai an murɗa makulli. Baƙar waya a ɗaure ta ga ƙarfen mota inda aka kankare fenti, abin da masu wayarin na nan ke kira mas. A bi da wayoyi nesa da layin da kujera ke zamewa a kai, a bar musu sarari yadda ko an tura kujera gaba ko baya ba za su tsinke ba. Na fara bayan sallar asuba, na mayar da kan batir gab da la'asar. Fitilar gargaɗin jakar iska ta kama ta mutu yadda ta saba, minti uku bayan haka jingina ta yi ɗumi.

Kawu ne ya raɗa mata suna. Mun wuce Yamusukuro ke nan ya gyara zama ya ce, "Kai ɗan nan, ai wannan gashi ka yi mini." Tun daga ranar kujerar gashi ake ce mata a gidanmu. Bai ce ɗumi ba, domin shi ba sanyi yake gudu ba. Ya sanya baƙon abu a gurbin da ya riga ya sani. Bahaushe ai ya daɗe da gadon ƙasa wanda ake hura wa wuta a ƙarƙashi, tsofaffi su kwanta a kai da hunturu, mai jego ma a gasa mata jiki a kansa bayan wankan ruwan zafi. Abin da Suwidin ta ƙera domin ƙanƙara, ƙugun direban goro ya karɓe shi a matsayin magani.

Sai dai aikatau gasa fuska biyu gare shi, kuma a nan ne na ga sunan Kawu ya fi wanda ni zan ƙirƙira. Wanda ke gasa targaɗe da wanda ke gasa tsire kalma ɗaya suke amfani da ita. Abin da ya raba su shi ne yawan wuta da tsawon lokaci. Binciken da Moritz da Henriques suka wallafa a 1947 ya nuna cewa zafin digiri 44 kacal yana iya ƙona fata idan ya ɗauki kimanin awa 6 a kanta, kuma da zarar zafin ya ƙaru, lokacin yakan ragu ainun. Shimfiɗar kujera a mataki na sama tana iya kaiwa wannan haddi. Gadon ƙasan ma ba a rasa shi da illa ba: a shekarun 1970 likitoci a Zariya sun danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da haɗuwar zafin gado da wankan jego da yawan shan kunun kanwa. Mai lafiya idan ya ji zafi yakan motsa ko ya kashe makunni. Wanda jijiyoyinsa suka daina kai saƙo, kamar mai ciwon sukari da ya daɗe ko mai shanyewar jiki, yana iya ƙonewa bai sani ba.

Wannan ya zame mini jarrabawa bayan mako biyu. Wani aminin Kawu, abokin tafiyarsa tun zamanin goro, ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce, "Malam, abin da ka yi wa ɗan'uwana nake so ka yi mini a motar yarona." Na san yana da ciwon sukari, na kuma san ƙafafunsa sun fara mutuwa. Na ce, "Baba, ku yi mini afuwa. Sai likitanku ya amince, don wutar nan ba ta san mai ji da marar ji ba." Bai ji daɗi ba, ya kwana biyu yana amsa gaisuwata a taƙaice. Hana dattijo abin da ya roƙa a bainar jama'a ba ƙaramin abu ba ne a unguwa irin tamu, inda kowa ya san kakan kowa. Kawu ne ya shiga tsakani, ya ce masa ko a gida ai ba a ba shi ruwan gashi sai an tsoma hannu an gwada. Da wannan misali ya fahimta, abin da digiri da awoyina ba su iya yi ba. Shi kansa Kawu akwai ƙa'ida tsakaninmu: mataki na ƙasa, minti 20, a kashe, kuma ba ya barci da ita a kunne.

Ga ɗaliban da ke aikin ƙirƙirar kalmomi, shawarata ita ce a riƙe sunaye biyu. A rubutun fasaha da fassarar littafin mota, "kujera mai ɗumi" ta wadatar, na'urar kuma a kira ta "maɗumamar kujera", bisa tsarin ma- na sunan kayan aiki kamar mabuɗi da madubi. "Kujera mai zafi" ba ta dace ba, domin a kunnen Bahaushe zafi aibi ne, kamar kujerar motar da ta wuni a rana. Idan kuwa ana magana da mai ciwon baya, ko ana rubuta masa gargaɗi, "kujerar gashi" ta fi isar da saƙo, saboda duk wanda ya ji gashi ya san akwai lokacin saukewa. A kula kuma da furuci: gashi na wuta gajeren wasali ne a gaɓar farko, gashi na kai dogo ne, sannan "ga shi" kalmomi biyu ne da ake rubutawa a rabe. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, don haka mai rubuta gargaɗi ya gina jimlarsa yadda ba za a rikita su ba.