Kiyasin da ya kai ɗalibaina ya baro

Na daɗe ina koyar da Turanci a wata makarantar sakandare a Gadarif ta ƙasar Sudan, kuma na daɗe ina dasa wa yara wani kuskure da cikakken ƙarfin gwiwa. Duk sanda muka buɗe littafin Turanci na SPINE muka iske hoto, sai in sa aji ya maimaita bayana: "on the picture". Yaron da ya rubuta "in" kuwa, jan biro ne rabonsa.

Ba a littafi na samo wannan ba, kiyasi na yi. Na haddace cewa "on" na abu mai shimfiɗaɗɗiyar fuska ne, kamar bango da allo da shafin takarda. Tunda hoto ma takarda ne, sai na yanke hukunci ban tambayi kowa ba. Alhali yaran suna da gaskiya tun daga gida: da Hausa "a cikin hoto" muke cewa, Larabcin da suke karatu da shi ma "fi" yake sawa. Ni na raba su da daidai.

A Nuwamban 2020 yaƙin Tigray ya koro dubban mutane daga Habasha, aka sake buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Um Rakuba a jiharmu. Matasanmu masu ɗan Turanci suka samu aikin tafinta da rubuta rahoto. A cikinsu, wani tsohon ɗalibina ya tura rahoto ɗauke da hoton tantunan da ruwan damina ya malale, ya rubuta a ƙasa cewa akwai ruwa "on the picture". Shugabarsa ta mayar masa da rahoton, ta ce abin da ya rubuta yana nufin ruwa ne ya zuba a kan hoton. Ya zo har gida, ya gaishe ni cikin ladabi, ya ce: "Ustaz, ko dai ni ne ban fahimci darasinka ba?" Ya fahimta sarai. Darasin ne gurgu, kuma nawa ne.

Da na zauna na bincika, sai na tarar ƙa'idar ba ta da wuya. Duk abin da kyamara ta ɗauka, mutum ne ko buhun riɗi ko taraktar gonar dawa, "in" ne, domin Bature yana kallon hoto a matsayin wuri mai ciki. Abin da ya sauka a kan takardar daga waje, kamar ƙuda ko ƙura ko hatimi, shi ne "on". Wajen nuna gurbi kuma kowanne da abokin tafiyarsa: hagu da dama "on", sama da ƙasa "at", tsakiya da kusurwa da can baya "in". Waɗannan haddace su ake yi cikin jimla, kiyasi ba ya fitar da su.

Na tsaya gaban aji na faɗa musu cewa na koyar da su ba daidai ba, na kuma aika wa tsofaffin ɗaliban da nake da lambarsu gyaran ta WhatsApp. Akwai da yawa da ba zan taɓa samu ba, musamman bayan yaƙin da ya ɓarke a ƙasarmu a 2023 ya watsa jama'a, wasunsu ma yanzu malamai ne. Wannan shi ya fi damuna, domin kuskuren malami haihuwa yake yi.

Ina roƙon 'yan uwana malamai: ƙa'idar da ba ku gani a rubuce ba, ku duba ƙamus kafin ku hau allo da ita. Idan kuma yara da yawa suka dage a kan amsa ɗaya, ku binciki kanku kafin ku ɗauki jan biro. Matambayi ba ya ɓata.