Iskar da Ta Saki Hanya

Idan wuyan mai jego ya kumbura ba zato ba tsammani, ƙirji ya riƙe, murya ta shaƙe, tsofaffin gida kan kaɗa kai su ce iska ce. Da gaskiyarsu, iska ce, sai dai ba irin wadda ake yi wa hayaƙi da girka ba.

Tsakanin huhun dama da na hagu akwai wani fili inda zuciya da manyan jijiyoyin jini da maƙogwaro da hanyar abinci suke zaune. Iska ba ta da masauki a nan. Amma yarinya mai haihuwar fari, wadda naƙuda ta yi wa tsawo, takan riƙe numfashi ta yi ta yunƙuri har wasu 'yan jakunkunan iska na cikin huhu su fashe. Sai iskar ta bi gefen jijiyoyi ta taru a wannan fili, daga nan ta haura wuya, wani lokaci har fuska. In an danna fatar, sai a ji ƙaras-ƙaras kamar ana murza busasshen ganye. Haka kuma yakan faru ga mai ciwon fuka, da yaron da ƙyanda ko tarin shiƙa ya galabaitar.

Wani likitan Amurka, Louis Hamman na asibitin Johns Hopkins, ya yi bayanin ciwon a 1939, har da wata ƙara da akan ji a ƙirjin majinyaci tana tafiya tare da bugun zuciya. Har yau da sunansa ake kiran ƙarar.

Galibi abin ba ya kisa. Da hutu da maganin rage zafi, da oksijin in ta kama, jiki kan shanye iskar cikin 'yan kwanaki. To, amma ga inda gizo ke saƙar: kumburin da ya biyo bayan amai mai tsanani yana iya zama hanyar abinci ce ta yage. Haka ta faru ga wani babban hafsan jiragen ruwan Holan, wanda ya ci abinci ya yi nak, ya sha maganin amai, bai kwana biyu ba ya mutu. Likitansa, Herman Boerhaave, shi ya rubuta labarin a 1724. Ido ba ya rarrabe wannan da wancan, hannun ungozoma ma haka. Sai hoton ƙirji a asibiti.

Abin takaici, wanzami akan fara aika wa. Shi kuwa ƙahonsa jinin ƙarƙashin fata yake ja, alhali tushen iskar na can bayan ƙashin ƙirji, inda aska ba ta kaiwa.