Mako guda da Auta a hanyar Dubai

Asabar

Hajiya ta zo da hantsi, ta tarar na jera kujerun falo bibbiyu, Auta na zaune da gyalena ɗaure a ƙugu a madadin bel. Ta ce, "Ke yanzu da gaske da yaron nan za ki hau jirgi? Ki bar min shi mana." Na ce, "Hajiya, shekararsa tara ana barinsa a gida." Ba ta ƙara magana ba, sai ma ta karɓi aikin jami'ar bincike: ta miƙo farantin silba, Auta ya ajiye abin toshe kunnensa da 'yar motarsa, ya wuce ta ƙofar kicin, ya dawo ya ɗauka. Wannan ajiyewar ce na fi tsoro. Yaro mai galahanga yana iya jure abu mai wuya idan ya san abin da zai biyo baya. Bazata ce ke kayar da shi.

Lahadi

Na manna hotuna a littafi bi da bi: mota, layi, faranti, jirgi, gado. Na soya masa taliya irin wadda yake ci, ba albasa, ba koren komai.

Litinin

Legas. Zafi, layi, lasifika. Auta ya fara kaɗa hannuwa yana gunji, wata mata a bayana ta ce da ta kusa da ita, da ƙarfi don in ji, "Rashin kwaɓa ne." Na yi kamar da bango take. A wuyansa akwai koriyar igiyar nan mai zanen furen sanfulawa, wadda aka fara amfani da ita a filin jirgin Gatwick na Ingila a 2016. Ma'anarta kawai: mai ɗauke da ni yana da larurar da ido ba ya gani, a yi masa haƙuri. A cikin layin kusan babu wanda ya gane ta. A ƙofar jirgi kuwa ma'aikaciyar Emirates tana hango igiyar sai ta rage murya, ba ta shafa kansa ba, ba ta ce sai ya gaishe ta ba. Kamfanin ya horar da ma'aikata sama da 30,000 a kan wannan, kuma a 2025 ya zama na farko da aka ba wa shaidar dacewa da masu galahanga. Na ga amfanin horon a cikin abin da ta fasa yi.

Talata

Barci. Ban fita ko kasuwa ba, duk da saƙonnin masu jiran kaya.

Laraba

Mun tsallaka kogin Deira a ƙaramin jirgin katakon da suke kira abra, dirhami ɗaya kan mutum. Na zaci ƙarar injin za ta dame shi. Ina! Ya ɗora tafin hannu a kan bencin yana jin rawar katakon, ido a kan ruwan da ke tsagewa gida biyu. Da muka isa ya ƙi sauka. Matuƙin ya kalle shi, ya kalle ni, ya miƙo hannu na ba shi wani kuɗin, muka koma. Haka muka yi ta yi har la'asar. Abin da ya fi faranta masa rai a garin da ake kashe dukiya don burge baƙo, shi ne mafi arha a cikinsa.

Alhamis

Yau ta ɓaci. A wani katafaren kanti aka saki kiɗa ba zato, fitilu suka hau walƙiya, Auta ya zube ƙasa yana buga kai. Masu cewa taurin kai ne ba su taɓa riƙe yaro a wannan hali ba. Jikinsa rawa yake, zuciyarsa na bugu kamar ta tsuntsun da aka kama. Wani mai gadi ya zo, bai tambaye ni komai ba, ya juya mana baya ya tare masu kallo har muka tashi.

Da dare na zauna na karanta takardun da wuraren shaƙatawa masu shaida ke wallafawa: kowane wasa an auna ƙararsa, haskensa, warinsa, taɓawarsa da ɗanɗanonsa, daga 1 zuwa 10. Hukumar IBCCES ta Amurka ce ke ba da shaidar. Birnin Mesa na jihar Arizona ya samu tun 2019, Dubai a 2025. Ba na cewa takarda na hana yaro firgita. Amma uwa na iya zaɓa tun daga ɗaki, ba sai ta gwada da ɗanta ba.

Juma'a

Komawa gida. Filin jirgin Dubai ya samu tasa shaidar a ƙarshen 2023, kuma igiyar ta buɗe mana gajeren layi a wurin awon kaya, hatimin fasfo da bincike. Auta ya ajiye motarsa a faranti, ya wuce, ya ɗauka, yadda Hajiya ta koya masa.

A wurin jira na ga wani magidanci mai gemu, shi kaɗai, da irin igiyarmu a wuya, yana kai da komo tsakanin ginshiƙai biyu yana ƙirga wani abu da yatsu. Babu wanda ya kira masa jami'an tsaro. Na daɗe ina kallonsa, don abin da ake yafe wa ɗan shekara tara ba a yafe wa mai gemu, kuma Auta zai yi gemu. Na kira Babansu na ce idan mun huta ina so mu gwada jirgin ƙasan Kaduna zuwa Abuja. Ya ce in fara tambaya ko za su bari yaron ya je ya ga tashar kafin ranar.