Gorunan Zamzam a Jakar Iya

A garin Lafiya alhaji ba ya sauke gajiya sai ya shayar da jama'a. Za a shimfiɗa tabarma a zaure, a ajiye farantin dabino, a fito da 'yan kofunan nan masu ruwan zinare. Duk wanda ya shigo ya yi barka da sauka, sai a tsiyaya masa Zamzam, ya fuskanci alƙibla ya kurɓa. Daga nan sai sharhi. Wani ya ce na ainihi nauyi gare shi a harshe, da ɗan gishiri-gishiri daga ƙarshe. Wani ya ce shi kanwa-kanwa yake ji. Wata tsohuwa ta tauna baki ta ce wannan kam an sirka shi, bai kama ƙafar wanda mai gidanta ya kawo zamanin Shagari ba. Masu jin gishirin ba su yi kuskure ba, ruwan yana da ma'adinai fiye da wanda muka saba sha. Maganar sirkin ce take sukar alhaji, domin kowa ya san ana yi, kuma kowa ya san dalili. Lita 5 ne rabon kowane alhaji, masu jiransa kuwa dangi ne da surukai da maƙwabta da abokan aiki, har da na ƙauye da za su aiko da 'yar kwalba saboda mara lafiya ko mai naƙuda.

Tsoron kada a ce na sirka shi ya kai ni ga abin da na aikata a aikin Hajjin 2023, shekarar da Najeriya ta samu kujeru 95,000 bayan takurawar annobar korona. Ba zan fake da rashin sani ba. Tun a wajen bita, kafin mu bar gida, an faɗa mana da Hausa ƙarara cewa kada kowa ya sa Zamzam a jaka. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Saudiyya ta aika wa kamfanonin jirage wannan umarni tun watan Mayun 2022, Hukumar Alhazai ta Ƙasa kuma tana nanata shi kowace shekara. An ma bayyana mana yadda namu rabon zai iso. Jiragen da suke sauke maniyyata a Saudiyya wayam suke komawa, to a wannan komawar ake loda musu jarkokin Zamzam, a adana su a gida har alhazai su dawo kowa ya karɓi tasa. Jarkokin daga masana'antar Kudai ta Makka suke fitowa, wadda aka buɗe a 2010 zamanin Sarki Abdullah, inda ake tace ruwan a ɗura a liƙe a sa a kwali. Na ji duk wannan da kunnena, har na gyaɗa kai.

Amma zaman Makka yana sauya wa mutum lissafi. Ga ruwan nan ko'ina a Harami, mai sanyi da marar sanyi, ka sha ka ƙoshi ka shafa a fuska, ba mai ce maka don me. Rijiyar tana nan 'yan taku kaɗan gabas da Ka'aba, tun zamanin Nana Hajara da Annabi Isma'ila, ba ta ƙafe ba. Sai zuciya ta fara raya maka cewa abin da Allah ya bayar kyauta, wane ne zai auna maka shi da lita? A masaukinmu wannan hujjar ce a bakin mutane da yawa, ni ma na riƙe ta. Da dare ya yi, ba abin da kake ji daga ɗakuna sai ƙarar yage salatef. Ana ɗura ruwa a ƙananan gorunan roba, a naɗe da leda, a naɗe da tufafi. Wasu har da takardar nan mai ƙyalli ta naɗe abinci, wai tana makantar da na'urar haska kaya. Ba ta makantar da komai, ƙara jawo idon ma'aikaci ma take yi.

Matsalata ita ce jakata ta riga ta kai ma'auni. Jallabiyoyi, dardumai, carbi, abayoyi, dabino, na cika ta har tana ƙin zugewa. A nan ne idona ya faɗa kan jakar Iya.

Iya aminiyar mahaifiyata ce, unguwarmu ɗaya. Da sarin riɗi da agushi ta tara kuɗin kujerarta, kusan naira miliyan 3 a shekarar, 'ya'yanta suka cika mata abin da ya rage. Ranar da za mu tashi, babban ɗanta ya kama hannuna a bakin mota ya ce, "Ga Iya nan, amana." Ni nake riƙe mata fasfo, ni nake canza mata kuɗi, ni na riƙe hannunta a wajen jifa. Guzurinta kaɗan ne, don haka sayayyarta ma kaɗan ce: fararen riguna na jikokinta marayu da take riƙo, dabino, da wani Alƙur'ani mai manyan baƙi da ta saya a Madina saboda idonta ya yi rauni.

Na ce, "Iya, tunda akwai wuri a jakarki, bari in ɗan sa wasu kayana."

Ta ce, "Sa mana, ɗan nan. Ai jakar taka ce."

Ba ta tambayi ko mene ne ba. Na naɗe gorunan cikin haramina, na tura su can ƙasa, na mayar da kayanta a kai.

Ranar awon kaya aka jera jakunkuna a harabar masauki. Jami'in da ke kan sikeli yana tambayar kowa, da ya zo kanta ya ce, "Hajiya, babu ruwa a ciki ko?" Ta ce, "Wallahi babu, ɗana." Ina tsaye a gefenta riƙe da fasfonta. Ko a lokacin, da na ce a dakata in ciro wani abu, da magana ta ƙare a nan. Na yi shiru, aka jefa jakar cikin babbar mota zuwa Jidda.

A filin jirgin Sarki Abdul'aziz, ƙarƙashin rufin nan mai siffar tantuna, muna zaune muna jiran kira, sai lokacin tashinmu ya zo ya wuce. Can sai ga wani jami'inmu da takarda a hannu, ransa a ɓace. Na'ura ta nuna ruwa a jakunkuna da dama, an ware su, sai an buɗe ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ba a gama da su ba kuma ba za su bi wannan sawun ba. Ya fara kiran suna. Da ya kira na Iya, ta ɗaga hannu a hankali ta ce ita ba ta sa komai ba. Ya ce, "Haba Hajiya, ku ne fa iyayenmu. Ke da kika rantse mini?" Wani daga baya ya yi dariya ya ce kowa ma haka yake cewa. Iya ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina latsa waya.

Ɓoye ruwan laifi ne, amma wannan shirun ya fi shi muni nesa ba kusa ba. Na farkon kwaɗayi ne da na lulluɓe da sunan neman albarka. Na biyun kuwa ba shi da wani mayafi: na bar tsohuwar da aka ba ni amana ta ɗauki sunan maƙaryaciya a gaban mutanen garinmu, 'yan kwanaki bayan tsayuwar Arfa, don kawai kada a kalle ni. Muka yi awanni a wurin. Akwai masu ciwon suga, akwai tsofaffin da ƙafafunsu suka kumbura suna kwance a kan tayil. Kowannensu yana da haƙƙi a wuyana da wuyan ire-irena.

Sai daga baya na zauna na nemi sanin dalilin dokar, abin da ya kamata in yi tun farko. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jirgin da ya ɗauki alhazai 500, in kowa ya ɓoye lita 5, tan biyu da rabi ke nan na ruwa a warwatse cikin tufafi, a gorunan da ba don tafiya aka yi su ba. Jakunkuna kuwa jibge su ake yi, na ƙasa su ɗauki nauyin na sama, cikin zafin Yuli na Hijaz. Idan jirgi ya yi sama, matsin iskar cikinsa yana raguwa zuwa kwatankwacin na kan dutse mai tsawon mita dubu biyu, sai iskar da ta rage a gora ta kumbura ta turo ruwan ta bakin murfi. Ƙarƙashin wurin kayan kuma akwai wayoyi da ƙarafan da ba sa son jiƙa. Haramcin shiga da ruwa a jakar hannu shi ma yana da asali. A watan Agustan 2006 jami'an tsaron Ingila suka gano wata maƙarƙashiya ta tarwatsa jiragen da ke tashi daga Landan zuwa Amurka da Kanada da sinadarai masu ruwa da aka ɓoye a gorunan lemo, daga nan ne aka ƙayyade mililita 100. Na sha jin alhazai suna cewa an ƙirƙiro dokar ce don a hana mu albarka. Ba haka ba ne. Baturen da ya sayi kwalbar giyarsa a kantin filin jirgi ma sai an liƙe masa ita a leda ta musamman tare da rasit, in ya ɓalle kafin ya sauya jirgi a karɓe. Dokar ba ta duba tsarkin abin da ke cikin kwalba.

Muka sauka a Abuja, muka kamo hanyar Keffi da Akwanga zuwa gida. Iya ta karɓi jarkarta daidai da tawa. Jikokinta suka fito da gudu suka tarbe ta, ba ta da abin miƙa musu sai abin da ke 'yar jakar hannu. Ta ce musu kayan suna hanya.

Da jakar ta iso bayan makonni, tare da ɗanta muka ɗauko ta. A tsakar gida aka buɗe, ana ruwan damina sama-sama. Warin fumfuna ne ya fara bugun mu. Ashe kafin a ciro gorunan, ɗaya ta riga ta fashe, aka mayar da jakar aka zuge da jiƙonta. Dabinon ya yi tsami ya dunƙule wuri ɗaya. Fararen rigunan sun yi ɗigo-ɗigon baƙi da ba sabulun da zai fitar. Alƙur'anin ya kumbura, shafukansa sun manne, ta sa yatsa za ta buɗe sai takardar ta biyo yatsan. Can ƙasa ta jawo wani farin ƙyalle da guntun salatef a jikinsa. Haramin namiji a jakar mace. Ta ninke shi da kyau ta miƙo mini.

Na durƙusa na faɗi komai a gaban ɗanta.

Ta ce, "Tun a Jidda na gane, ɗan nan. Ba wanda ya taɓa jakar nan sai kai. Na yi ta jira ka buɗe baki." Ta yi shiru kaɗan. "Da ka ce mini ruwa kake so, da na raba jarkata biyu na ba ka. Kaya kuwa ba komai ba ne. Rantsuwar da na yi a Makka ita take hana ni barci."

Wannan ne ya fi komai yi mini nauyi. Washegari na kai ta wurin malaminmu na unguwa. Ya kwantar mata da hankali da abin da ke cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu: wanda ya rantse a kan abin da ya haƙiƙance gaskiya ne, daga baya ya bayyana ba haka ba, babu kaffara a kansa, babu zunubi. Sannan ya juyo gare ni ya ce nawa al'amarin daban ne, haƙƙin mutum ne, istigfari kaɗai ba ya sauke shi. Na tambaye shi maganar sirki, ya ce bai ga laifi ba muddin ba a yaudari mai sha ba. Ke nan abin da na ji kunyarsa halal ne, abin da na tsere zuwa gare shi kuwa ha'inci.

Ina ganin mu na gida ma muna da hannu a wannan ɗabi'a da ke jinkirta jigilar alhazanmu kowace shekara. Muna auna Hajjin mutum da girman tsarabarsa, har talakan da ya sayar da gona ya tafi ya dawo yana jin kunyar abin da ya kawo. Masu bita kuma da za su riƙa kawo irin wannan jaka su buɗe a gaban maniyyata, da ta fi dogon jawabi tasiri. Wanda duk aka haɗa shi da tsoho ko tsohuwa, a gaya masa a fili cewa sararin da ke jakarsu ba nasa ba ne.

Na sayi wasu rigunan, na samo mata wani Alƙur'anin mai manyan baƙi. Ta yafe mini tun a ranar, amma na san sauran aikin yana wajen waɗanda suka ji an kira sunanta. Na bi waɗanda na sani gida-gida, daga Ƙofar Fada har Bukan Sidi, ina gaya musu cewa gorunan nawa ne, Iya ba ta san da su ba. Wasu suka ce ai ya wuce, me ya kawo tone-tone. Wanda ya yi dariyar ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya roƙe ni in isar mata da ban haƙurinsa, na ce gara ya je da kansa. Jami'in da ya yi mata faɗa shi na samu daga ƙarshe. Ya saurare ni har na gama, ya faɗa mini maganganun da na cancanta, sannan ya tambayi kwatancen gidanta. Ranar Juma'ar da ta biyo baya, bayan an sauko daga masallaci, ya je ya durƙusa ya ba ta haƙuri.